Ana ta ɗauka, suna ta tafiya

A shekarar 1913, masana'antar motoci ta Ford da ke Highland Park a jihar Michigan ta Amurka tana buƙatar mutum kusan dubu 14 ne don aikinta ya tafi daidai. Amma a cikin wannan shekara ɗaya sai da ta ɗauki sama da mutum dubu 50. Mutane ne ke shigowa ta wannan ƙofa, su yi kwanaki ko makonni a tsaye gaban injin suna maimaita abu ɗaya tun safe har yamma, sannan su fice ta waccan ƙofa ko sallama babu. Kowane gurbi sai an sake cike shi kusan sau huɗu kafin shekara ta zagayo. A watan Janairun 1914 Henry Ford ya sanar da cewa ladan yini ya koma dala 5, alhali a da bai kai dala biyu da rabi ba, ya kuma rage sa'o'in aiki daga tara zuwa takwas. Zuwa 1915, masu barin aiki sun ragu zuwa kashi 16 cikin 100.

Kada a ɗauka tausayi ne ya sa shi. Mutumin nan har ma'aikatan bincike ya kafa da ke bin leburori gidajensu suna duba yadda suke zaman iyali kafin a ba su cikakken kuɗin. Abin da ya yi, ya zauna ne ya yi lissafi. Ya gano cewa duk sabon da ya shigo sai an koya masa, kafin ya iya zai ɓata kaya, zai rage wa na kusa da shi sauri, kuma ana gama koya masa sai ya tafi a sake daga farko. Tsadar tafiyar mutane ta fi tsadar riƙe su.

Shekara ɗari da doriya bayan haka, wannan lissafi ne har yanzu yawancin wuraren aiki ba sa son yi. Ka shiga taron shugabannin kamfani za ka ji an ware kuɗi don tallan guraben aiki, an ware na kamfanin da ke farautar ƙwararru, an ware na manhajar tace takardun masu neman aiki. Ka tambayi nawa aka yi asara da mutum goma da suka ajiye aiki bara, sai ka ga ana kallon juna. Ra'ayina shi ne, duk wani tsarin kula da ma'aikata da ya fi ƙarfi a ƙofar shiga, ya bar ƙofar fita a buɗe, ɗiban ruwa ne da kwando. Kuma ramin kwandon galibi ba a ofishin kula da ma'aikata yake ba. Yana kan teburin ogan da mutum ke gani kowace safiya.

Bari dai in fara daga ƙofar shiga, don ita ma tana da nata laifin.

Tun daga sanarwar neman ma'aikaci ake fara shuka tafiyar mutum. Ana rubuta aikin kamar aljanna: wurin bunƙasa, ƴanci, damar koyo. Ba a faɗi cewa wanda ya bar kujerar ya bar ta ne saboda aikin mutum uku aka ɗora masa ba. Ba a faɗi albashi ba, sai dai a ce "mai gwaɓi". Mai nema shi ma ya ƙawata takardarsa, ya zo intabiyu ya faɗi abin da ya san ana so a ji. Ɓangarori biyu sun yaudari juna, sannan a yi mamaki in wata shida bai cika ba zaman ya ƙi daɗi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ni a ganina gara ka gaya wa mutum wahalar aikin tun a ranar farko, wanda zai gudu ya gudu tun ba ka kashe masa kuɗin horo ba. Batun ɓoye albashi kuwa, lokacinsa na wucewa. A 2023 Tarayyar Turai ta amince da dokar da ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya sanar da mai nema iyakar albashin kujerar, ta kuma hana a tambaye shi nawa yake samu a wurin da ya baro. Wannan tambaya ta biyu ita ce ke sa wanda aka taɓa ƙwara a baya ya ci gaba da shan ƙwara duk inda ya je.

Ita kanta intabiyun, yadda aka saba yin ta, hira ce kawai da ke auna ko mai tambaya ya ji mutumin ya kwanta masa. Masu binciken halayyar ɗan Adam a wurin aiki sun daɗe suna nuna haka. Nazarin da Frank Schmidt da John Hunter suka fitar a 1998, wanda ya tattara binciken shekara 85, ya nuna cewa tambayoyi tsararru, iri ɗaya ga kowa, da kuma gwada mutum da ainihin aikin da zai yi, sun fi hirar kara-zube hasashen wanda zai iya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma har yau za ka ga manya uku sun zauna, kowa ya jefa tambayar da ta zo masa, a ƙarshe a ɗauki wanda ya fi kama da su. A wani gwaji da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka yi a Boston da Chicago, wanda aka wallafa a 2004, sun aika takardun neman aiki na ƙirƙira masu cancanta iri ɗaya, sunaye kawai suka bambanta. Sunayen da aka saba ji a wurin fararen fata sun sami kira da kusan kashi 50 cikin 100 fiye da sunayen da aka saba ji a wurin baƙar fata.

Wasu sun ce to a miƙa wa kwamfuta, ita ba ta da son kai. Amazon ya gwada. Ya ƙera manhajar ƙirƙirarriyar basira da ta koyi zaɓe daga takardun da kamfanin ya karɓa cikin shekara goma, kuma da yake yawancinsu na maza ne, sai manhajar ta koyi rage wa takarda maki idan ta ga alamar ta mace ce. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bayyana a 2018 cewa an yi watsi da ita. Na'ura ba ta ƙirƙiro son zuciyar ba, gadonsa ta yi, ta kuma riƙa aiwatar da shi da saurin da mutum ba zai iya ba.

To an ɗauki mutum. Yanzu me zai sa ya yi aiki da zuciya ɗaya?

Nan ne na fi ganin ana shirme, kuma shirmen iri biyu ne masu karo da juna. Akwai masu cewa komai kuɗi ne: ka ɗaura wa mutum lada a kan adadi, zai yi gudu. Akwai kuma masu cewa kuɗi ba komai ba ne, ma'aikacin zamani "manufa" yake nema, don haka a ba shi rigar kamfani da takardar yabo da ɗakin hutawa mai kujeru masu launi, a bar albashinsa yadda yake. Na biyun nan ya fi ba ni haushi, don galibi masu faɗarsa su ba su da matsalar albashi.

Tun a 1959 Frederick Herzberg ya raba gardamar nan, bayan ya tambayi injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh lokutan da suka fi jin daɗin aikinsu da lokutan da suka fi jin haushinsa. Ya lura cewa abubuwan da ke ɓata rai daban, abubuwan da ke sa himma daban. Albashi, dokokin kamfani, yanayin wurin aiki da halin oga, idan suka lalace mutum zai yi fushi. Gyara su yana kawar da fushin, amma ba shi ke kunna wutar himma ba. Wutar tana zuwa ne daga aikin kansa, daga a ba ka amana, a ga abin da ka yi, ka ga kana gaba. Masana sun soki hanyar bincikensa, kuma suna da hujja, amma jerin da ya bayar ya yi daidai da abin da kowane ma'aikaci ya sani a jikinsa. Wanda kuɗin haya ke hana shi barci ba zai ji zaƙin takardar yabo ba. Wanda kuma ake biya da kyau amma ba a taɓa barinsa ya yanke shawara ko ɗaya ba, zai zo ofis, jikinsa ne kawai a wurin.

Su kuwa masu ɗaura komai a kan adadi, bankin Wells Fargo ya isa darasi. An matsa wa ma'aikatan rassa lamba kan yawan asusun da kowa zai buɗe, wanda bai cika ba yana cikin haɗarin kora. Suka cika, ta hanyar buɗe asusu da katunan bashi da sunan abokan hulɗa ba tare da saninsu ba. A watan Satumban 2016 hukumomin Amurka suka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka kuma bayyana cewa an kori ma'aikata kusan 5,300 kan lamarin. Wata guda bayan haka shugaban bankin, John Stumpf, ya sauka. Mutum dubu biyar ba sa tashi rana ɗaya su zama maƙaryata. Ruwa ba ya tsami banza. Tsarin ne ya gaya musu abin da ake so, suka kawo shi.

Haka batun jera ma'aikata a layi duk ƙarshen shekara, a ce dole wasu su faɗo a ƙasa ko da kowa ya yi ƙoƙari. Jack Welch ya shahara da shi lokacin da yake shugabantar kamfanin General Electric: kashi 20 na sama, 70 na tsakiya, 10 na ƙasa a sallame su. Kamfanoni da yawa suka kwaikwaya. Microsoft ya yi shekaru a kai kafin ya soke shi a 2013. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan na san cewa nasarar abokin aikina ita za ta tura ni sahun da ake kora, me zai sa in nuna masa hanya? Kana wa'azin haɗin kai da baki, tsarin ladanka yana koya wa mutane ɓoye sani.

Yanzu ga inda nake so in daɗe: ogan kai tsaye.

Ma'aikaci bai san "kamfani" ba. Kamfani suna ne a saman takarda. Abin da ya sani shi ne mutumin da zai amince masa da hutu ko ya hana, wanda zai tsaya masa in ya yi kuskure ko ya tozarta shi a gaban jama'a, wanda zai ambaci sunansa in aikin ya yi kyau ko ya shiga gaban manya ya ce "na yi". Kura da shan bugu, gardi da amshe kuɗi, babu abin da ke kashe gwiwar mai ƙoƙari da sauri kamarsa. Cibiyar Gallup, wadda ta shafe shekaru tana jin ra'ayin ma'aikata a ƙasashe da yawa, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin himma tsakanin wannan rukunin aiki da wancan yana komawa ne ga manajan rukunin. Kamfani ɗaya, albashi ɗaya, dokoki ɗaya, amma wannan sashe mutane na rige-rigen shiga, wancan kowa na neman hanyar fita.

Google ma ya taɓa tunanin manajoji ba su da amfani, har ya gwada cire su na ɗan lokaci a farkon shekarun 2000, ya dawo da su ba shiri. Daga baya da ya yi nazarin bayanan ma'aikatansa don gano abin da ya bambanta manaja nagari, ƙwarewar fasaha ba ita ta zo a gaba ba. Iya koyarwa, barin mutane su yi aikinsu ba tare da an tsaya musu a ka ba, da sauraro, su suka fi nauyi. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta ci karo da abu mai kama da haka a asibitoci: rukunonin da suka fi kyawun shugabanci su suka fi kai rahoton kurakuran magani, saboda a wurinsu mutum ba ya tsoron cewa "na yi kuskure". A sauran wuraren kurakuran suna nan, rufe su ake yi.

To ta yaya ake zaɓar wannan mutum mai muhimmanci haka? Ana duba wanda ya fi kowa iya aikin hannu, a ce daga yau kai ne shugaba. Wanda ya fi sayar da kaya ya zama manajan masu sayarwa, injiniyan da ya fi iya rubuta manhaja ya zama shugaban injiniyoyi. Ba a koya masa komai game da jagorancin mutane ba, ba a ma tambaye shi ko yana so ba, kuma ba zai ƙi ba tunda ita ce hanya ɗaya tilo ta ƙarin albashi. Marubuci Laurence Peter ya yi wa abin ba'a tun 1969, ya ce ana ta ɗaga mutum har sai ya kai matakin da bai iya ba, a nan zai zauna. Kamfani ya yi asara biyu: ya rasa gwanin ma'aikaci, ya sami shugaba mara daɗin sha'ani. Maganin bai da wani sirri. A buɗe hanya ta biyu ta ƙarin girma, inda gwani zai ci gaba da hawa a albashi da daraja yana kan sana'arsa. Wanda za a ba mutane kuwa, a gwada shi da ƙaramin rukuni, a horar da shi, a kuma riƙa tambayar na ƙasa da shi yadda suke ji. Idan sashe ɗaya ya rasa mutum biyar a shekara, shugaban sashen ne ya kamata ya zo ya yi bayani, ba ofishin kula da ma'aikata ba.

Na san abin da za a ce: yaran yanzu ne ba su da haƙuri, kowa na son ya zama babba cikin shekara biyu. Akwai ƙamshin gaskiya, amma mu yi adalci. Iyayensu sun zauna wuri ɗaya shekara talatin ne saboda wurin ya yi musu alkawarin zama da fansho, kuma galibi ya cika. Wanda ya taso yana ganin ana sallamar dubbai da saƙon imel ɗaya, da wane baki za ka nemi ya rantse maka da biyayya ta har abada? Annobar korona ta ƙara fito da abin fili. A 2021 kaɗai sama da mutum miliyan 47 ne suka ajiye aikinsu da kansu a Amurka, kuma da yawansu ba zama suka yi a gida ba, wurin da ya fi suka koma.

Batun aiki daga gida, wanda shugabanni ke ta kai-komo a kai, shi ma akwai hujja a hannu. Nicholas Bloom na jami'ar Stanford ya yi gwaji da kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip a China, inda aka bar wasu masu amsa waya su yi aiki daga gida. Aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, masu barin aiki a cikinsu suka ragu da rabi. Sai dai ƙarin girma ya ragu musu, kuma da aka ba su zaɓi kusan rabinsu suka koma ofis, kaɗaici ya dame su. Gwaji na biyu a kamfanin, wanda mujallar Nature ta wallafa a 2024, ya raba mako: kwana uku a ofis, biyu a gida. Masu ajiye aiki suka ragu da kashi ɗaya bisa uku, ingancin aiki bai sauka ba. Ba kowane aiki ne zai yiwu a haka ba, direba da nas ba za su yi daga ɗaki ba. Amma su ma akwai sassaucin da ya dace da su: a sanar da mutum jadawalinsa da wuri, a bar shi ya yi musaya da abokin aiki, a daina kiransa bayan ya tashi. Tun 2017 dokar Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tsara ƙa'idoji a kan wannan na ƙarshen. Kuma ba shagwaɓa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum dubu 745 ne suka mutu da bugun jini a ƙwaƙwalwa ko ciwon zuciya mai alaƙa da yin aikin sa'a 55 ko fiye a mako.

Ba na cewa duk wanda ya tafi asara ce. Wani tafiyarsa rahama ce gare shi da wurin, kuma wurin da ba wanda ke fita ba sabon tunani da ke shiga. Ban kuma manta da ƙaramin mai sana'a da ba zai iya gasar albashi da manyan kamfanoni ba. Shi wannan yana da abin da su ba su da shi: ya san kowa da sunansa, zai iya yanke shawara yau ba sai takarda ta hau bene biyar ba, zai iya koya wa mutum sana'ar gaba ɗaya a maimakon yanki guda. Idan ya biya a kan kari, ya faɗi gaskiya lokacin da kasuwa ta yi tsanani, mutane na zama da shi fiye da yadda ake zato.

Abin da ba ni da uzuri a kansa shi ne wata ɗabi'a da na gani da idona a wani wuri da na yi aiki. Wata abokiyar aikinmu ta shekara shida, ita ce ke koya wa duk sabon da ya zo. Sau biyu tana neman a duba albashinta, ana ce mata babu kuɗi a kasafin bana. Wata rana ta gano cewa yaron da take koya wa aiki, wanda bai cika wata uku ba, ya fi ta albashi, don shi da kuɗin kasuwar yau aka ɗauke shi, ita kuwa ana ɗora mata ɗan ƙari ne a kan kuɗin shekara shida da suka wuce. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta nemi wani wuri a hankali, ta samu, ta kawo takardar ajiye aiki. A ranar, kafin azahar, kuɗin da babu su a kasafi suka fito, har da ƙari a kan abin da ta taɓa nema. Ta gode, ta ƙi. Aka kira ta hirar bankwana, aka miƙa mata takarda mai tambaya goma sha biyu kan abin da za a gyara, tambayoyin da ba wanda ya yi mata ko ɗaya cikin shekara shida. Ihu bayan hari. Ta rubuta cewa ta sami dama ce ta ci gaba, ta sa hannu.

Kujerarta ta yi wata huɗu babu kowa. Daga ƙarshe mutum biyu aka ɗauka suka raba aikin, kuma yaron nan mai wata uku shi aka ce ya koya musu.